Hoton da Inna Za Ta Iya Gani

A wani kaset da ƙanena ya aiko mana daga Kano na fara jin maganar idon Inna. Muna zaune a falo ni da maigidana, a gidan da muke haya a unguwar University Heights da ke New York, yara suna ta shiga da fita. Bayan an gama jera gaisuwa, an faɗi wanda ya haihu da wanda ya rasu, sai ƙanena ya sassauta murya ya ce, "Yaya, hotunan yara da kika aiko sun iso. Sai dai Inna ba ta ganinsu sosai. Takan kai hoton bakin ƙofa inda haske yake, ta matso da shi har ya kusa taɓa hancinta, sai ta ce ita dai tana ganin mutum uku a tsaye, amma babu fuska. Mun kai ta asibiti. Likita ya ce ba yana ce kaɗai ba, har da hawan jinin ido, kuma abin gaba yake yi."

Na mayar da kaset ɗin baya na sake saurare. Maigidana ya miƙa hannu ya rage ƙarar talabijin.

Mun zo New York ne a ƙarshen shekarun tamanin, ina goye da babbar 'yata. Maigidana ya samu aikin rubuce-rubuce a wani ofishin jakadanci. Da aikin ya ƙare ba mu koma ba, ya shiga wani kamfani mai tura kaya Afirka ta jirgin ruwa, muka miƙa takardunmu ga lauya muna neman izinin zama. Abu ɗaya lauyan yake maimaita mana duk zuwa: kada wanda ya fita ƙasar kafin takardu su fito, in kun fita babu dawowa. Haka shekaru suka yi ta wucewa. Na haifi mace ta biyu, na haifi namiji, Inna ba ta taɓa ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu ba. Babbar ma tun tana jaririya rabonta da ita. Abin da ke tsakaninmu bai wuce kaset da hoto ba, sai wayar da ake yi jefi-jefi a gidan wani maƙwabcinsu mai tarho. Yanzu ga shi hoton ma zai daina amfani.

Abin da na fara yi shi ne na kwashi hotuna na tafi wani shagon wanke hoto a Fordham Road. Mai shagon ya tambaye ni fim ɗin da aka wanke su daga ciki. Ba ni da shi. Yawancin hotunanmu masu kyau wasu ne suka ɗauka a wurin suna ko ranar Salla, suka ba mu. Ya ce zai iya ƙara girmansu haka nan, amma komai zai girma tare. Na bar masa ɗaya ya gwada. Da na je karɓa, sai ga kujerar falonmu ta yi girma, labule ya yi girma, agogon bango kamar tire, amma fuskar autana ba ta wuce ƙwan kaza ba.

Ba a daɗe ba maigidana ya dawo daga aiki da wata farar takarda a naɗe. Ya shimfiɗa ta a kan teburin cin abinci. Fuskarsa ce, daga goshi zuwa haɓa ta cika takardar, har ina ganin tabon da ke gefen girarsa.

"A ina ka ɗauki wannan?" na tambaye shi.

"Ba ɗauka na yi ba. Ɗan hoton da ke jikin katin aikina ne. An kawo mana wata na'ura a ofis, sikana ake ce mata. Ki ɗora takarda ko hoto, ta kwafe shi ta zuba a kwamfuta. Daga nan ki yanke inda kike so, ki ƙara masa girma, ki buga."

Na daɗe ina kallon takardar. Muna da tsohuwar kwamfuta a gida da ya saya saboda makarantar yara, da firinta mai tawada. Na ce, "Malam, mu sayi tamu."

Ya ce shi ma abin da ke ransa ke nan, domin takardun da lauya yake nema sun ishe shi, kullum yana hanyar shagon kwafi. Na lura tun a lokacin cewa shi takardu yake tunani, ni kuwa fuska nake tunani.

Ranar wata Asabar muka bar yara wurin maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, muka hau jirgin ƙasa zuwa wani shagon kayan lantarki a Manhattan. Na sa hoto ɗaya a cikin ambulan, na sa a jaka: yaran uku a tsaye cikin kayan Salla a bakin ƙofar masallaci. Shagon babba ne, talabijin jere a bango duk suna nuna abu ɗaya. Wani dogon mutum mai furfura a gemu ya kai mu wani lungu inda aka jera na'urorin, kowace a haɗe da kwamfuta don gwaji.

Iri uku ya nuna mana. Ta farko ƙarama ce, ana riƙe ta a hannu kamar dutsen guga, a ja ta a hankali a kan takarda. Ta biyu doguwa ce siririya kamar muciya, ana ajiye ta a gaban kwamfuta, a zura mata takarda ta baki ta haɗiye ta fitar ta baya. Ta uku kuwa faffaɗa ce, mai nauyi, da murfi, in an ɗaga sai ga gilashi.

Maigidana bai ko kalli sauran ba, ya nufi siririyar. Ya ciro wata takarda daga aljihunsa ya zura mata, kafin ka ce kwabo ta fito, rubutun ya bayyana a allon kwamfutar.

"Kin gani?" ya ce mini. "Ba ta cin wuri, ga sauri. Teburinmu ɗin nan ina zai ɗauki waccan akwatin?"

"A gwada hoto tukuna," na ce.

Na ciro ambulan. Mai shagon ya karɓi hoton da gefen yatsunsa, ya ce mu fara da ta hannu. Ya ba ni na ja da kaina. Hannuna ya ɗan karkace a tsakiya, sai ga babbar 'yata a allo da wuya kamar na raƙumi, ƙanwarta kuma ido ɗaya sama ɗaya ƙasa. Maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, amma na ajiye ta gefe.

Da aka zo kan siririyar, mai shagon ya ɗan yi jim. Ya ce da Turanci, "Tana iya hoto, amma lanƙwasa shi take yi a ciki. In hoton ɗaya ne tak kike da shi, ni ba zan sa ba."

Maigidana ya ce ai gwaji ne, a sa. Na riƙe hoton ban sake ba. Ya dube ni, na dube shi. Ba mu saba musu a gaban mutane ba, don haka da Hausa na yi maganar, a hankali.

"Malam, takardun lauya ko'ina ana kwafarsu. Kowane lungu akwai shago. Wannan fa?"

"To ai ita ma za ta yi miki hoton."

"Za ta yi wa mai lafiyar ido. Ni ba don mai lafiyar ido na zo ba."

Mai shagon ya soma yi mana bayanin lambobin da ke jikin kwalayen, wai yawan ɗigon da kowace na'ura take iya gani a ɗan ƙaramin wuri, wai wasu kamfanonin suna rubuta babbar lamba alhali ta gaskiyar ƙarama ce. Maigidana yana gyaɗa kai, ni kuwa ban kama ko rabi ba. Da ya tsagaita sai na ɗora babban yatsana a kan fuskar autana, farcena ya rufe ta ruf. Na ce masa da Turancina na kasuwa, "Mahaifiyata ba ta gani sosai. Ina so wannan fuskar ta cika takarda guda, kuma ta zauna fuska, kada ta farfashe. Wacce za ta yi?"

Sai ya ɗaga murfin faffaɗar, ya goge gilashin da hannun rigarsa, ya kifa hoton a kai ya rufe. Wani haske ya taso daga ciki yana tafiya sannu a hankali, da ƙara kamar ta keken ɗinki daga ɗaki mai nisa. Ta ɗauki lokaci. Hoton ya riƙa saukowa a allo daga sama, hulunan mutanen da ke bayan yaran, sannan ɗankwalin babbar, sannan goshi. Mutumin ya zana layi ya kewaye kan autana, ya danna wani abu. Sai ga yaron ya cika allo. Ga ɗan haƙorin da ya fita, ga kwallin da na sa masa ya ɗan zarce a ido ɗaya.

Maigidana ya matso ya duba, ya juya ya kalli siririyar na'urarsa sau ɗaya, sannan ya ce wa mai shagon, "Wannan za mu ɗauka."

Shi ya rungumo kwalin har tashar jirgi, yana mita cewa mun sayi firij. A cikin jirgin ya ɗora shi a cinya, ba na ganin fuskarsa sai hularsa.

Haɗa ta ma aiki ne. Sai da ya kwance bayan kwamfutar ya cusa wani ɗan allo a ciki, ya yini ranar Lahadi yana kunnawa yana kashewa, yana karanta littafin da ya zo da ita. Ba ta samu wuri a teburin ba kamar yadda ya faɗa, sai muka sauke tukunyar furen da ke kan durowa muka ɗora ta a nan. Ya koya mini sau biyu, daga nan na ce ya bar ni.

Da safe in yara sun tafi makaranta, shi ya tafi aiki, kafin lokacin fitata gidan tsohuwar da nake kula da ita, sai in zauna da kwalin hotuna. Bugun farko da na yi masu launi ne, suka fito a koɗe, fuskokin kamar an wanke su da ruwan kanwa. Na tuna ƙanena ya ce Inna ta fi gane abu in baƙi ne a kan fari, kamar buta a kan farin siminti. Sai na cire launin gaba ɗaya, na riƙa ƙara duhun gira da ido da baki, ina haskaka bayan kai har ya zama fari fat. In na buga ɗaya sai in liƙa a ƙofar kicin, in koma ƙarshen falo, in cire tabarauna, in runtse ido rabi. In na gane ko wane ne, ya yi. In ban gane ba, in sake. Na ɓata takardu da yawa a haka. Wata rana ta tsakiyar ta dawo ta tarar da ni a tsaye ina harare-hararen ƙofa, ta tambaye ni da Turanci ko lafiya. Na ce mata da Hausa ina aron idon kakarta ne. Ta ɗaga kafaɗa ta wuce ɗaki.

Kowane yaro na yi masa fuska biyu, ɗaya yana dariya, ɗaya baki a rufe. Na sa su tsakanin kwali biyu na ɗaure da zare, na kai wa wani Alhaji ɗan Maraɗi mai shagon turare da atamfa a titi na 116 a Harlem, wanda in ya je gida yakan gangara Kano sarin kaya. Ya juya ƙunshin a hannu ya ce, "Hajiya, wanga abu ba nauyi, mi na ciki?" Na ce jikoki ne za su je gaida kakarsu. Ya yi murmushi ya sa shi a cikin jakar hannunsa, bai haɗa da kayan awo ba.

Bayan wasu makonni muka yi waya. An je an kira Inna daga gida, ina jin ƙarar takalmanta da muryar ƙanena yana cewa ta kula da dakali. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Na ga mutanen."

"Kin gan su, Inna?"

"Na gan su sarai. Babbar goshin mahaifinki ta ɗauko, Allah ya ji ƙansa, ba ta bar komai ba. Ta tsakiyar kuma wushiryar gidanmu ce. Shi kuwa mijin nawa, a gaya masa na ga kunnuwan, na fasa auren."

Na yi dariya ina share ido. Na kira autan na ba shi wayar, ya ji abin da ta ce, ya amsa mata da Turanci cewa kunnuwansa lafiyarsu ƙalau. Na fassara mata, ta ce to a bar shi, za ta sake shawara.

Da ta miƙa wa ƙanena wayar, na ji ya jira har ta yi nisa. Ya ce an liƙa hotunan a bangon ɗakinta, daidai inda rana ke shigowa da hantsi, kuma duk wanda ya shigo sai ta nuna masa. Sannan ya ce, "Amma Yaya, akwai abu ɗaya. Ranar da aka kwance ƙunshin, da ta gama dubawa sai ta shafa cikin kwalin, ta ce iyakarsu ke nan? Na ce eh. Washegari ta sake sa ni in duba ko wani ya maƙale. Ni ban gane ba sai da matata ta ce mini, kai ma dai, ai ba za ta faɗa ba."

Ni ce 'yar fari a wurin Inna. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta kira ni sai ta ce "ke", in za ta yi maganata da wani sai ta ce "ita waccan". A gaban mutane ba ta yabona, ba ta tambayar lafiyata, ranar da za a kai ni gidan miji ma ɗaki ta shige ta bar ni da gwaggona. A kaset ɗin da ake aiko mana takan gaida maigidana, ta gaida yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce "da sauran mutanen gidan". Na saba da haka har ban taɓa kawo wa raina cewa tana son ganina ba. Na yi makonni ina gyara fuskoki, ban ko yi tunanin tawa ba.

Na zazzage kwalin hotunan a kan gado. A yawancinsu ba na ciki, don ni ce mai riƙe da kyamara. Inda nake ciki kuma, ko na juya ina gyara wa yaro hula, ko rabina ne a gefe. Wanda na fito sosai ɗaya ne, na fasfo, wanda aka ɗauka a Kano kafin mu taho, ita kuwa wannan fuskar Inna ta riga ta san ta.

Ranar Lahadi na yi wanka, na ɗaura ɗankwali, na sa kwalli, na tsaya a jikin farin bangon falo kusa da taga. Maigidana ya riƙe kyamara yana ce mini in saki fuska. Na kasa. Sai na ji kunya ta kama ni, kamar Inna ce a tsaye a gabana, na riƙa sunkuyar da kai. Ya ce, "In kika sunkuya goshi za ta gani." Ya ɗauka da yawa, muka kai aka wanke, na zaɓi ɗaya.

Ni kaɗai ce a gida lokacin da na ɗora shi a gilashin. Hasken ya bi ta ƙarƙashinsa, fuskata ta sauko a allo. Ban taɓa ganin kaina da girma haka ba. Akwai furfura a gaban goshina inda ɗankwalin ya zame, akwai layi biyu daga hanci zuwa baki da ban san sun yi zurfi haka ba. Maigidana ya taɓa nuna mini yadda ake goge tabo a hoto. Na kai hannu zan goge, sai na fasa. Na ƙara duhun ido da gira kamar yadda na yi wa yara, na buga. Wannan karon ban liƙa a ƙofar kicin ba.

Alhajin bai tashi tafiya ba sai bayan Salla, don haka hoton ya daɗe a hanya. Da muka yi waya ta gaba, Inna ta yi ta labari. Ta ce ruwa ya yi gyara bana, ta ce akuyarta ta haifi biyu, ta tambayi makarantar yara. Ina ta jira. Katin wayata ya kusa ƙarewa, na ji muryar da ke gargaɗi ta shigo. Sai ta ce, kamar da wani take magana a gefe, "Wadda ke cikin takardar nan ta rame. Ko ba a samun tuwo a garin?"

"Ana samu, Inna."

"To a riƙa ci."

Layin ya yanke ina riƙe da wayar.

Ƙanena ya gaya mini daga baya cewa ba ta yarda an liƙa nawa a bango tare da na yara ba. A ƙarƙashin sallayarta take ajiye shi, in ta idar da sallar walaha, babu kowa a ɗakin, sai ta ciro ta kai bakin ƙofa. Shi ma ta taga ya hango ta, bai nuna ya gani ba.

Takardunmu ba su fito ba sai bayan wasu shekaru. Lokacin da na isa Kano idon ya gama rufewa, ba ta bambance komai sai dare da rana. Na shiga da sallama na durƙusa a bakin gado. Ta amsa, ta tambayi hanya, ta tambayi maigidana da yara, ta ce wa matar ƙanena ta kawo wa baƙuwa ruwa. Mata suka cika ɗakin ana ta barka da zuwa. Ba ta ƙara ce mini komai ba. Sai can da na yunƙura zan tashi in gaida gwaggona, na ji mayafina ya riƙe. Na duba, ashe bakinsa yana cikin hannunta, ta naɗe shi a yatsa a ƙarƙashin zanenta inda ba mai gani. Na koma na zauna, na ce wa gwaggo ta yi haƙuri ta matso nan mu gaisa.